Sakata, Na Ƙarshe Kafin Gola

Idan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta fara nutsewa a tsakiyar kaka, ta hango faɗawa rukuni na ƙasa na tunkaro ta gadan-gadan, a lokacin ne wani a ofis yake tunawa da Sakata. Kafin nan babu mai tuna shi. A farkon kaka, lokacin da ake sayen samari masu sheƙi ana ɗaukar su hoto riƙe da sabuwar riga, wayarsa shiru take yi kamar ta lalace. Sai an sha kashi an ƙoshi, magoya baya sun fara jifan motar 'yan wasa, sannan dillalinsa zai kira ya ce masa ya haɗa jaka, akwai masu neman agaji.

Ɗan wasan baya ne, na tsakiya, wanda yake tsayawa a gaban mai tsaron gida. Wani koci ne ya laƙaba masa Sakata tun yana saurayi, wai idan ya tsaya a baya an kulle ƙofa ke nan, sunan kuma ya bi shi har ya danne na yanka. Ba shi da gudun a-zo-a-gani, bai iya irin yankan nan da ke tayar da 'yan kallo tsaye ba. A duk shekarunsa na wasa ƙwallayen da ya ci ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ɗaya ma a cikinsu ƙeyarsa ta daka ta shige raga, shi bai san abin da ake ciki ba sai da ya ga ana rugowa za a rungume shi. Abin da ya iya shi ne kallon ƙugun ɗan wasan gaba ya san inda zai juya tun mai ƙugun bai sani ba, da sa kai a inda wasu ke tsoron sa ƙafa, da daka wa 'yan'uwansa na baya tsawa su tsaya a layi ɗaya. Hancinsa ya karye ya karkace. Haƙoransa na gaba na sakawa ne, cire su yake yi ya naɗe a safa kafin ya shiga fili, shi ya sa duk hoton da aka ɗauke shi yana wasa sai ka rantse wani mugu ne.

Akwai kuma wani aiki da ba a rubuta shi a kwantiragi, ba a kuma faɗarsa a gaban 'yan jarida, amma duk ɗan baya ya san shi. Idan ɗan gaba ya kuɓuce ya wuce kowa, ya zama daga shi sai gola, kai kuma kana binsa a baya, to ba a barinsa ya isa. Ka ja riga, ka sa ƙafa, ka kwantar da shi tun bai shiga yadi na sha takwas ba. Alƙalin wasa zai zaro jan kati ya kore ka, sauran goman su ƙarasa wasan. Ƙwallo dai ba ta shiga ba.

A ƙungiyarsa ta farko aka cusa masa wannan. Wata rana a wajen atisaye wani ɗan gaba ya wuce shi, ya bi shi har bakin raga bai taɓa shi ba, ƙwallo ta shiga. Kocin, wani tsoho mai ɗingishi, ya hura usur ya tsayar da kowa, ya tako har gabansa.

"Wa ka bar wa shi?"

"Ai gola na nan, Koci."

"Gola!" Tsohon ya tofar da yawu. "Saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Kai ne na ƙarshe. Ka ɗauka bayanka babu kowa. Ranar da ka sake raka wani har raga kamar ɗan rakiyar amarya, ka wuce gida kawai, kada ka dawo."

Ya ji, ya riƙe, ya kuma yi aiki da shi a duk inda aka kai shi. Abin takaicin shi ne yadda ake saka masa. A ɗakin canza kaya koci zai dafa kafaɗarsa ya ce namiji ke nan, ka fitar da mu kunya. Kafin a rufa awa guda za ka ji wannan kocin dai, da bakin nan nasa, yana faɗa wa 'yan rediyo cewa ba haka suke koyar da 'yan wasansu ba, za su ladabtar da shi. Ƙungiya ta tsira, kaka ta ƙare, a kira shi ofis a yi masa godiya mai tsawo, a ce yanzu ana son a gina sabuwar tawaga mai buga ƙwallo mai tsafta. Tsafta! Mutanen da suka kira shi don ya kwashe musu ƙazanta su ne ke toshe hanci idan ya gama. Haka ya yi ta yawo daga gari zuwa gari, rigunan da ya sa suka cika akwati, babu ko ɗaya da ya sa ta kaka biyu a jere.

Matarsa tela ce. Ya haɗu da ita ne ranar da ya kai mata wando ta buɗa masa, ta dubi wandon ta dube shi ta ce wandon ba shi da laifi, cinyoyin ne suka wuce gona da iri. Tun daga nan yake ce mata Tela, har bayan aure. Da suka sami 'ya mace aka sa mata sunan mahaifiyarsa ana kiranta Mami, ita kuma matar ta koma ce masa Baban Mami.

Duk wanda ya san ɗinki ya san ba keke ne jarin tela ba, mutane ne. Sai mace ta kawo miki yadi mai arha ta gwada ki, ta sa a jiki, ƙawarta ta tambayi wa ya ɗinka, sannan a fara yarda a kawo mai tsada. Wannan abu shekara guda yake ci, shekarar kuwa ita ce ba su taɓa samu cikakkiya a wuri ɗaya ba. Da zarar mata sun fara sallama a ƙofa da yadi a leda, sai a kwance kan keke a naɗe shi da bargo a ɗora a mota. Kayan makarantar Mami kuwa babu launin da uwar ba ta ɗinka ba, shuɗi, kore, ruwan ƙasa, har da mai gidan dara. Yarinyar ta tashi shiru-shiru. Wata rana ya tambaye ta sunan wadda suke zama benci ɗaya a aji, ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ban tambaye ta ba, Baba. Ai tafiya za mu yi." Ba da fushi ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Ranar ya sha alwashin sai ya zaunar da iyalinsa a gari ɗaya ko ta halin ƙaƙa.

Damar ta zo ne lokacin da gwiwoyinsa suka fara ƙara idan ya tashi daga zaune. Wata ƙungiya da ke can ƙasan tebur ta neme shi. Suka kama haya a ƙarshen wani layi, gida mai ɗaki a gaba da taga mai kallon titi. Tela ta kafa kekenta a gindin tagar, masu wucewa suna jin ƙararsa suna leƙowa. Makarantar Mami tafiyar ƙafa ce. Ba a jima ba wasu 'yan mata biyu na layin suka fara tsayawa a ƙofa da safe suna kiranta su tafi tare, ya ji 'yarsa tana dariya da ƙarfi a waje har sai da ya fito ya duba ko ita ce. Baɗi kuma za ta rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare.

Shugaban ƙungiyar, wanda kowa ke ce wa Ciyaman, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gini, baki gare shi kamar zuma. Bayan wasanni kaɗan da ya ga raga ta daina yoyo, ya kira Sakata ofis, ya zaunar da shi a kujera mai laushi, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Sakata nawa, ka tsirar min da ƙungiyar nan. Idan muka tsaya a rukunin nan, shekara biyu zan ba ka. Bayan nan ka rataye takalmi ka shiga cikin masu horarwa. Yawo ya ƙare, nan ne gidanka."

"Yallaɓai, ko za a sa a rubuce?"

"Haba! Tsakanina da kai? Ga Koci nan shaida."

Koci ya gyaɗa kai. Sakata ya sha jin romon baka a rayuwarsa, amma bai taɓa jin wanda ya zo daidai da abin da yake mafarki irin wannan ba, don haka ya haɗiye shi da ɗuminsa.

Matsala ɗaya ce. Kafin kaka ta zo ƙarshe ya riga ya karɓi jan kati biyu. Na farko ya cancanta. Na biyu kuwa ko iskarsa ba ta taɓa mutumin ba, ya dai faɗi yana birgima, alƙalin wasa ya ga fuskar Sakata ba haƙora ya zaro kati. Kwamitin ladabtarwa ya kira shi, wasu dattawa masu manyan riguna waɗanda rabonsu da gudu tun suna firamare. Suka ce sun gaji da ganin sunansa. Idan ya ƙara karɓar ja ko da ɗaya ne a wannan kakar, zai yi dogon hutun da zai ci har cikin kaka mai zuwa.

Wasan ƙarshe ya zo a gida, kuma canjaras ya ishe su tsira. Da safen ranar yana ɗaure jakarsa Tela ta tsayar da keke ta juyo.

"Baban Mami, ban taɓa sa maka baki a harkar ƙwallo ba."

"Yau ma kada ki fara."

"Yau kam sai na fara. Abu ɗaya nake roƙonka. Ko wa ya wuce ka, ka bar shi ya wuce. Kada ka karɓi katin nan."

"To, Koci Tela, na ji," ya ce yana murmushi.

"Ba wasa nake yi ba. Dubi yarinyar nan da kyau kafin ka fita."

Ya ce ya ji, kuma har ga Allah da niyyar ji ya faɗa. A ɗakin canza kaya ya ja Koci gefe ya tuna masa gargaɗin kwamiti. Koci ya riƙe masa wuya ya haɗa goshinsa da nasa ya ce, "Kai dai yi aikinka. Duk abin da ya biyo baya ni zan tsaya maka, kai da fata."

Filin ya cika ya batse. Baƙin suka yi ta kawo hari, Sakata yana mayarwa da kai, da ƙirji, da gwiwa, yana yi wa yaransa tsawa har muryarsa ta dishe. Aka je hutun rabin lokaci babu ci. Aka dawo, lokaci ya yi ta tafiya, 'yan kallo suka fara fito suna nuna wa alƙalin wasa agogo. Ana daf da tashi sai wani ɗan tsakiyarsu, ɗan gaban goshin Ciyaman mai rinannen gashi, ya ga babu lokacin da ya dace ya nuna gwaninta sai yanzu. Ya yi ƙoƙarin ba da ƙwallo da dunduniya a tsakiyar fili, aka ƙwace. Bugu ɗaya aka yi ta tsallake kowa, ɗan gaban baƙin ya bi ta kamar an harba shi.

Sakata ya juya ya bi shi, taku ɗaya a baya, gwiwoyinsa suna kuka. Ƙarya ne a ce ya tsaya ya auna, ko ya tuna da Ciyaman, ko kwamiti, ko tagar nan mai kallon titi. Bai tuna da kowa ba. Ya ga bayan riga, ya ga farin layin sha takwas yana matsowa, ƙafarsa ta tafi da kanta kamar yadda ta saba tun yana saurayi. Ɗan gaban ya tashi sama ya faɗo a kan kafaɗa, ƙarar ƙashin har 'yan benci suka ji ta. Sakata bai jira a nuna masa katin ba, ya kama hanyar fita.

A ɗakin canza kaya ya zauna shi kaɗai. Ta bango ya ji an buga bugun tazarar, ya ji ta daki mutane ta dawo, ya ji usur na ƙarshe, ya ji filin ya kece da ihu. Sun tsira. Aka shigo da kiɗa da tsalle, Koci ya rungume shi yana hawaye yana cewa kai ka cece mu, Ciyaman ya sumbace shi a ka da gumi da komai. Shi ma ya yi dariya, har ya ɗan taka rawa, don ya ɗauka ya gama biyan kuɗin zama.

Kafin mako ya zagayo hoton faɗuwar ya gama shiga wayoyin jama'a, ana maimaita shi a hankali ana ɗora masa kiɗan tausayi. Wanda ya yi asarar ƙwallon da dunduniya babu mai maganarsa. Masu sharhi a rediyo, waɗanda ba su taɓa karyewa ko a ɗan yatsa ba, suka ce irin su Sakata ne ke kashe ƙwallo, a kore su baki ɗaya. Kwamiti ya dakatar da shi rabin kaka mai zuwa. Shi kuwa ya je asibiti ya duba wanda ya karya, yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin ya dube shi da hannu a rataye ya ce, "Yaya, bar ba ni haƙuri, aiki ne. Kocinmu ma cewa ya yi da yana da irinka da bai damu ba." A duk garin wanda aka karya ɗin ne kaɗai ya faɗi gaskiya.

Wannan karon sai da ya yi zaman jira a baranda kafin a ce ya shiga wurin Ciyaman. Ba a nuna masa kujera mai laushi ba. Koci yana zaune a gefe yana latsa waya.

"Ka san ni mutum ne mai cika alkawari," in ji Ciyaman. "Amma kai ma ka duba. Rabin kaka fa. Wa zai riƙe ɗan wasan da ko benci ba zai zauna ba? Ga kuma masu tallafa mana sun ce sunan kamfaninsu ba zai zauna a ƙirjin mai karya 'ya'yan mutane ba."

"Yallaɓai, da na bar shi ya wuce, yau a wane rukuni kake?"

"Wa ya sani? Wataƙila gola ya kama. Wataƙila ya buga waje. Ni dai ban sa ka ba."

Sakata ya juya. "Koci, faɗa masa abin da ka ce min."

Koci bai ɗago ba. "Cewa na yi ka yi aikinka. Ban ce ka karya shi ba."

Nan abin da Sakata ya yi shekaru yana haɗiyewa a ofisoshi irin wannan yana cewa na gode ya taso masa. Yau ya ƙi haɗiyuwa.

"Aikina? Mene ne aikina in ba shi ba? Don me kuka kira ni, don kyan fuskata? Kun ga ina cin ƙwallo ne, ko kun ga ina yanka? Kun san abin da na iya, shi kuka saya! Kai da ka sumbaci kaina, bakinka bai ji ɗoyi ba a ranar sai yau? Kai kuma Koci, hawayen nan naka a rigata ka share su, ko wanke ta ban yi ba! Kuna son a yi, ba kwa son a ga hannunku. Wallahi gara ni da nake kayar da mutum a gaban jama'a in karɓi katina in fita. Ku naku a ɗaki kuke yi, da murmushi, babu alƙalin da zai hura muku usur!"

Ya kama bakin teburin Ciyaman da hannu biyu har ƙafafun teburin na gaba suka ɗaga daga ƙasa. Ya ga sakatare a bakin ƙofa ya saita waya yana jira. Ya sauke teburin a hankali, ya fita, bai rufe musu ƙofa ba.

Ya isa gida yana huci, yana jiran a taya shi zagi. Tela ta saurare shi har ya gama, almakashi a hannunta, sannan ta ajiye.

"Shi golan naku ba hannu biyu gare shi ba?"

"Ke ma? Abin da Ciyaman ya ce ke nan!"

"Shi don ya wanke kansa ya faɗa. Ni tun da safen ranar na faɗa maka, kafin komai ya faru. To a ce ma ta shiga, kun faɗa ƙasa. A rukunin ƙasan ba a buga ƙwallo ne? Ba a garin nan ake bugawa ba? Samarin nan masu rina gashi duk guduwa za su yi, tsoho irinka za su riƙe su ce ka dawo da su. Da muna zaune lafiya."

Bai taɓa kallon abin ta nan ba, ko sau ɗaya. A kansa faɗuwa mutuwa ce, babu wani abu a bayanta. Sai ya ɗaga murya.

"Ba ki san ƙwallo ba!"

"Ban san ƙwallo ba, amma na san ɗaure kaya. Kowace ƙungiya ka tsirar da ita, Baban Mami. Mu ne kullum muke faɗuwa."

Watannin dakatarwar a gida ya yi su. Da sassafe ya fita gudu shi kaɗai, ya dawo ya zauna yana kallon bango. Wani lokaci Tela ta aike shi kasuwa sayen zare da zif, ko ya kama mata guga idan aiki ya yi yawa, yana yi yana ƙunƙuni. Aiki kuwa ya yi yawa, don a karon farko ta cika shekara a wuri ɗaya. Masu yadi mai tsada suka fara zuwa, ta sayi keke na biyu, ita ke riƙe da gidan. Ba ta taɓa yi masa gori ba, shi kuma rashin gorin ma haushi yake ba shi.

Dakatarwar ta ƙare a tsakiyar kaka, daidai lokacin da masu nutsewa ke neman agaji. Dillali ya kira. Wata ƙungiya ce a can nesa, tafiyar yini guda a mota, suna so ya zo a makon nan. Ya shiga ɗakin ɗinki ya ce mata ta fara sallamar masu kaya. Ba ta tsayar da keke ba.

"Allah ya kiyaye hanya."

"Ban gane ba."

"Ni da Mami muna nan. Jarrabawarta saura 'yan watanni, ni kuma kayan mutane ne cike da ɗakin nan. Ban ce ka tafi ba. Ka zauna. Makarantar su Mami ma suna neman mai koya wa yara wasanni, na yi maganarka da shugabarsu."

"In koya wa yara tsalle-tsalle? Ni? Bayan duk abin da aka yi min, in zauna a garin nan ina guga Ciyaman yana wucewa a mota yana kallona?"

"To Ciyaman ɗin ne ya dame ka ko mu?"

Ya yi faɗa, ya buga ƙofa, ya yi kwana biyu ba ya mata magana. Ta bar shi ya yi ya gama. Gaskiyar da ya kasa faɗa mata ita ce tsoro yake ji. Bai iya komai ba sai tsayawa a gaban gola, kuma zuciyarsa na tafasa tana so ya koma fili ya nuna musu bai ƙare ba. Su wa? Shi ma da za ka titsiye shi ba zai iya lissafa su ba. Ya kira dillali ya ce yana zuwa, shi kaɗai.

Ranar tafiyar ya kira mai tasi a waya yana yi masa kwatance. Ya ce ƙarshen layi, gidan Sakata ɗan ƙwallo. Mutumin ya ce bai gane ba. Ya sake kwatantawa, har dai mai tasin ya ce, "Au, gidan tela kake nufi? Ai sai ka ce haka." Ya ce e, nan ne.

Tela ta fito da jakarsa ta miƙa masa, idanunta sun yi ja, ta ce ya riƙa ɗaure gwiwar hagun nan kafin atisaye, ta koma ciki da sauri. Mami ta fito cikin kayan makaranta, ƙawayenta biyu suna tsaye a tsallaken titi suna jiranta. Ta taya shi sa jakar a bayan mota, ta tsaya tana murza igiyar jakarta.

"Baba, ƙungiyar taku za ta zo wasa garinmu?"

Garinmu. Tunda aka haife ta bai taɓa jin ta kira wani gari haka ba. Abin da ya yi alwashin samar mata ke nan, ga shi ta samu, daɗi da baƙin ciki suka haɗe masa.

"Za mu zo, Mami. Wajen ƙarshen kaka."

"To a gida za ka kwana?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bakinsa ya ƙi. "A otal baƙi suke kwana, uwata. Doka ce."

Ta gyaɗa kai kamar dama haka ta zata. Ƙawayen suka ƙwala mata kira cewa za su makara. Ta ce, "Sai ka zo, Baba," ta tsallaka titi da gudu, suka sa ta a tsakiya suka tafi suna hira, ba ta waiwayo ba. Ya tsaya riƙe da ƙofar mota yana kallonsu har suka sha kwana. Mai tasi ya danna oda ya tambaye shi ko akwai sauran wanda ake jira. Ya ce babu, ya shiga ya ja ƙofa.